Kula da Ɗan'uwa a Cikin Ubangiji: Darasi daga Khartum da Omdurman

Dattawan ikilisiyarmu suna tuna lokacin da sunanta Ekklesiyar Kristi a Sudan. Tarayyar da muke kira TEKAN a yau, da farko TEKAS ake ce mata, harafin ƙarshe kuwa Sudan yake nufi. A wancan zamani, duk ƙasar da ta miƙe daga yammacin Afirka har bakin Kogin Nilu, Sudan ake kiranta. Ƙungiyar mishan ta SUM, wadda reshenta na Denmark ya aiko Dakta Bronnum zuwa Numan a 1913, ita ce ta buɗe aiki a Heiban, cikin Duwatsun Nuba na ƙasar Sudan ta yau, a 1920. Jikokin waɗanda suka ba da gaskiya a can, da yawa sun gangaro Khartum da Omdurman neman aiki da gudun yaƙi. Tushenmu da su ɗaya ne.

Hanyar kuma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce alhazan dā suka bi da ƙafa, wasu suka zauna, har suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, labarin da ke cikin wannan ɗan littafi labarin gida ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Tambayar da za mu duba ita ce: ranar da majami'a ta rufe, fasto ba ya nan, asibiti kuma ya tsaya, wa zai kula da mai bi?

Ikilisiyar da ta rasa mai kiwo

Khartum tana daidai inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Omdurman tana hayi, a yammacin kogi. Kaɗan kudu da Khartum akwai kangon wani tsohon birni mai suna Soba, babban birnin mulkin Alwa. Mulkin Kirista ne, ya yi shekaru kusan 900 da majami'u da limamai, kafin ya faɗi wajen shekara ta 1500.

Wani limami ɗan ƙasar Fotugal mai suna Francisco Alvares ya zauna a Habasha daga 1520 zuwa 1526. Ya ba da labari cewa mutum shida sun zo daga ƙasar Nubiya, wato yankin Nilu da Alwa take ciki, suna roƙon sarkin Habasha ya aika musu da limamai da za su koyar da su. Sarki bai aika ba. Dalilan da suka sa bangaskiyar Kirista ta dushe a wannan ƙasa suna da yawa, akwai yaƙi, akwai canjin sarauta. Amma ka riƙe wannan ɗaya: masu bi sun nemi mai kula da su wurin 'yan'uwansu, ba su samu ba. Shukar da ba a yi mata noma, ciyawa takan cinye ta ko da iri mai kyau ne.

Ranar da birni ya tsaya

Ran Asabar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Musulmi suna cikin azumin Ramadan. Kiristoci Kibɗawa kuma suna jajiberin Ista. Daga nan mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da ake faɗa, fiye da kashi 70 cikin 100 na asibitoci sun daina aiki.

Gidajen sujada ma ba su tsira ba. A kwanakin farko mayaƙa suka mamaye babbar majami'ar Angilikan ta Khartum, Akbishop Ezekiel Kondo ya fita da iyalan da ke tare da shi, daga baya ya koma Port Sudan. A tsakiyar watan Mayu 'yan bindiga suka shiga majami'ar Mar Girgis ta Kibɗawa a unguwar Masalma, Omdurman, suka harbi mutane, suka kwashe dukiya.

Mu ma'aikatan lafiya, labarin da ya fi taɓa mu shi ne na gidan marayu na Mygoma a Khartum. Jarirai ɗaruruwa ne a ciki. Da harbi ya hana masu reno zuwa aiki, aka bar mutum kaɗan da yara masu yawa. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoto a ƙarshen Mayu 2023 cewa aƙalla yara 50 sun rasu, yawancinsu saboda yunwa, ƙishirwa da zazzaɓi. Jariri yana bukatar a ɗauke shi a ba shi madara bayan kowane awa uku, hannun da zai yi wannan ne ya yi ƙaranci. Sai a watan Yuni ƙungiyar agaji ta Red Cross ta kwashe yara kusan 300 zuwa Wad Madani.

Abin da ke faruwa da jiki, haka yake faruwa da zuciya. Mutum yakan mutu a ciki saboda ba wanda ya leƙo shi.

Gidan da aka zauna tare

A unguwar Shajara, kudancin Khartum, kusa da barikin sojoji masu tankoki, akwai wani gidan mishan na Katolika mai suna Dar Mariam, da majami'a da makaranta. Sistoci biyar ne a wurin, da wani Fada ɗan ƙasar Indiya, Jacob Thelekkadan. Da yaƙi ya zo, matalautan unguwa suka shigo neman mafaka, yawancinsu mata da yara 'yan asalin Sudan ta Kudu waɗanda ba su da kuɗin mota. Adadinsu ya kai wajen mutum 80.

Ran 3 ga Nuwamba 2023 bam ya faɗa kan gidan. A watan Disamba motocin Red Cross suka zo kwashe mutane daga unguwar, aka buɗe musu wuta, mutum biyu suka mutu, bakwai suka ji rauni, aka fasa. Abinci ya yi ta raguwa har sistocin suna dafa wa yara ganyen itace, manya kuwa suna tsallake cin abinci. Sai a watan Agusta 2024 aka haye da Fadan da sistocin da wasu mutanen zuwa Omdurman, bayan wata 15 da ɗoriya.

Cikin wannan hali, ana yin sujada da addu'a tare a gidan, ana kuma tara yara ana koya musu karatu. Ka lura da wannan. Mai jinya zai gaya maka cewa yaron da ya firgita yana bukatar ya san abin da zai faru da safe da abin da zai faru da yamma. Lokacin addu'a da lokacin karatu da ba sa canzawa magani ne ga tsoro. Waɗannan bayin Allah ba 'yan ɗarikarmu ba ne, amma baftisma ɗaya aka yi mana, kuma sun nuna mana yadda tukunya da addu'a suke tafiya tare.

A sauran unguwannin Khartum da Omdurman, matasa, akasarinsu Musulmi, suka kafa ƙungiyoyin agajin gaggawa. Suka ɗora manyan tukwane a wuraren da suke kira takaya, ana dafa wake da waken masar da kunu, duk mai jin yunwa ya zo da kwanonsa. Mutanen Sudan suna da tsohuwar al'ada mai suna nafir, wadda ita ce gayya a wurinmu. Ita suka farfaɗo da ita. Da taimakon masu sa kai irinsu, da ƙungiyar likitoci ta MSF, asibitin Al Nao na Omdurman ya ci gaba da karɓar marasa lafiya duk da ruwan bama-bamai. Kiristoci sun ci daga waɗannan tukwane. Kada mu manta da wannan alheri, kada kuma kulawarmu ta tsaya a ƙofar majami'a.

Aikin wa ne?

Da yawa cikinmu muna ɗauka kula da ruhun mutum aikin fasto ne, kula da jikinsa kuma aikin nas. Fasto ɗaya yakan riƙe majami'u biyar ko shida, da damina rafi ya cika ba ya iya hayewa. Nas ɗaya takan duba ƙauyuka goma. A Khartum rana ɗaya aka wayi gari ba a iya kaiwa ga ko ɗaya daga cikinsu. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a 2014, lokacin da mutanen Madagali, Michika da Mubi suka kwararo Yola, majami'u da gidajen masu bi suka cika da baƙi.

Martin Luther ya koyar cewa duk wanda aka yi wa baftisma yana da rabo cikin aikin firist, wato ya yi wa ɗan'uwansa addu'a, ya ta'azantar da shi, ya tuna masa da alkawarin Allah. A 1527 annoba ta shiga Wittenberg. An ce masa ya bar gari, ya ƙi, gidansa ya zama wurin jinya, matarsa Katarina kuwa tana da ciki a lokacin. A wasiƙar da ya rubuta kan wannan batu, ya gargaɗi mutane su sha magani, su tsabtace gidajensu, su guji shiga taro ba dalili, amma kada su gudu su bar maƙwabcin da ba shi da mai taimako. Tun a ikilisiyar farko ma, Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna an zaɓi mutum bakwai musamman domin kada a manta da gwauraye wajen rabon abinci.

To, aikin naka ne, kai manomi. Naki ne, ke 'yar zumuntar mata. Ba sai kun je makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Ga yadda za ku fara.

Na farko: ku san wanda ba ya nan

Zumunta a ƙafa take. Ku zauna da dattawan ikilisiya ku raba gidaje, kowane mai ziyara ya ɗauki gida biyar zuwa goma. A rubuta sunayen tsofaffi masu zama su kaɗai, gwauraye, marayu, masu ciki, naƙasassu, da masu shan magani kullum. Wanda ba a gan shi a sujada Lahadi biyu a jere ba, a je gidansa cikin makon nan. Kada ka shiga da tuhuma. Gaisuwa ka kawo. Sau da yawa abin da ya hana shi zuwa ciwo ne, ko bashi, ko rashin sutura, ko wata magana da ta ɓata masa rai.

Na biyu: ka duba da ido kafin ka buɗe baki

In ka shiga gida, dubi yara. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa, yana iya zama da tamowa. A asibiti muna da ɗan tef da ake auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a kawo shi ranar nan. Ku zo mu koya wa mutum biyu daga majami'arku yadda ake awon.

In ka tarar da mai gudawa, kada ka jira. A ƙarshen Mayu 2025, bayan an lalata tashoshin lantarki, famfunan Khartum da Omdurman suka ƙafe, mutane suka koma shan ruwan kogi. Ma'aikatar lafiya ta Sudan ta ce cikin mako ɗaya kwalara ta kashe mutum 172, akasari a jihar Khartum. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awowi kaɗan, domin ruwan jikinsa yana ƙarewa. Ka haɗa ƙunshin ORS ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata. In babu ƙunshi, ka sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kan hanyar zuwa asibiti. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a haɗa sabo.

Dubi kuma rumbu da murhu. In toka ta yi sanyi da rana tsaka, ka san abin da ake ciki. Kwanon hatsi da aka kawo a asirce yakan buɗe kunnen da yunwa ta toshe.

Na uku: ka saurara

Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya ga kisa, ko aka ƙone masa gida, ko ya binne ɗa, yakan kasa barci, ya riƙa firgita da ƙaramar ƙara, ya yi mugayen mafarkai, ya ƙi abinci, ya yi saurin fushi, ko ya faɗa shan giya da ƙwaya. Wannan rauni ne kamar na wuƙa, sai dai ba a ganin jini. Ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ce.

Zauna kusa da shi. Kada ka matsa masa ya ba da labari. In ya fara, kada ka katse shi da wa'azi. Kada ka ce masa zunubinsa ne ya jawo. In ya yi kuka, bar shi ya yi. In ya tambayi inda Allah yake ranar da abin ya faru, ba dole ka sami amsa ba, zamanka a wurin ya isa na ranar.

Amma in ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da na ciyawa, da igiya, da makami daga inda yake, a kawo shi asibiti. Tambayar mutum a fili ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin. Takan ba shi damar yin magana.

Macen da aka yi wa fyaɗe tana bukatar zuwa asibiti cikin kwana 3, domin maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72. Mace 'yar'uwarta ta raka ta. Laifin ba nata ba ne, wurin zamanta a majami'a kuma yana nan.

Na huɗu: addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne

Allah ne mai warkarwa, yana kuma aiki ta hannun likita. Kada ka taɓa ce wa ɗan'uwa ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha, wanda ya tsaya a hanya ciwon yakan dawo da taurin kai. Maganin ƙanjamau, da na hawan jini, da na farfaɗiya, kullum ake sha ko jiki ya yi daɗi. A Khartum masu ciwon ƙoda da masu ciwon sukari da yawa sun rasu domin wurin wankin ƙoda ya rufe, allurar insulin kuma ta yanke. Su ba su da zaɓi. Kai da kake da magani a hannu, kada wani ya raba ka da shi.

In ikilisiya ta sa azumi, mai ciwon sukari, mai ciki, mai shayarwa da mai shan magani da abinci su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Mai ziyara na kirki yakan tuna wa mara lafiya ranar komawa asibiti, ya nemo masa mai babur, wani lokaci ya raka shi.

Na biyar: ka ciyar da ruhunsa

Wanda ya daɗe a kwance yakan ji kamar Allah da mutane sun manta da shi. Tambaye shi ko yana so ku yi addu'a. Ka yi ta gajere, ka ambaci sunansa da abin da ya gaya maka. Karanta masa 'yan ayoyi, ko ka bar shi ya zaɓi waƙar da yake so. Tsoho da idonsa ya dushe, a sa jikansa ya riƙa karanta masa. Gaya masa labarin sujadar Lahadi da waɗanda suka aiko da gaisuwa. Sanar da fasto domin a kawo masa Jibin Ubangiji a gida. In zuciyarsa tana da nauyin wani laifi, ka tuna masa cewa gafarar Almasihu kyauta ce, ka kuma taimake shi ya shirya da wanda suka ɓata.

Sabon mai bi da yaron da aka yi wa tabbatarwa bara su ma suna bukatar wanda zai bi sawunsu. Kowane ɗaya a haɗa shi da wani babba mai hankali da zai riƙa tambayarsa lafiya.

Na shida: ka riƙe amana

Abin da ka ji a ɗakin mara lafiya, a ɗakin zai tsaya. Sau da yawa roƙon addu'a a gaban jama'a yakan zama gulma da rigar ibada. Kada ka faɗi sunan ciwon mutum sai da izininsa. Namiji kada ya ziyarci mace shi kaɗai, ku je biyu-biyu. Wanda aka tona asirinsa sau ɗaya, gobe ko yana mutuwa ba zai kira ku ba.

Na bakwai: mai kula ma a kula da shi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da ta yi wata uku tana jinyar miji, ga gona, ga yara, ita ma tana dab da faɗuwa. Ku karɓe ta kwana ɗaya a mako, ku yi mata gayya a gona. Mai ziyara ya wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita. In mara lafiya yana tari, a zauna a waje ko a buɗe taga. Fastonku da matarsa su ma mutane ne, wani ya riƙa tambayarsu yadda suka kwana.

Kafin rana ta ɓaci

Sojoji sun karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris 2025, mutane sun fara komawa gidajen da aka wawashe da majami'un da aka fasa. Yaƙin bai ƙare a ƙasar ba. Ku sa Kiristocin Sudan da maƙwabtansu Musulmi cikin addu'ar Lahadi, ku ambace su da suna: Khartum, Omdurman, Bahri, Duwatsun Nuba, Darfur.

Sistocin Dar Mariam da matasan takaya sun san mutanen unguwarsu tun kafin a harba harsashi na farko, shi ya sa suka san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ba a haƙa rijiya ranar da gobara ta tashi. Wannan Lahadin, bayan an tashi sujada, ka tsaya ka dubi bencin da ke kusa da kai. Wa ya saba zama a wurin? Yaushe rabon da ka gan shi? Kafin wata Lahadin ta zagayo, ka je gidansa. In ka ga abin da ya fi ƙarfinka, ƙofar asibiti a buɗe take, ku zo tare.

Ubangiji ya ba mu idon gani da ƙafar zuwa. Amin.